Shari'ar Dimka da Mafarin Kotun Sirri a Najeriya

Tsakanin safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu 1976, da aka buɗe wa motar Janar Murtala Ramat Muhammad wuta a cunkoson motocin Ikoyi, da ranar 11 ga Maris da aka fara ɗaure mutane a jikin turaku ana bindige su saboda kisansa, kwana 27 ne kacal. A cikin waɗannan kwanaki aka yi kame, aka yi tambayoyi, aka rubuta dokar da za a yi hukunci da ita, aka naɗa masu zaman shari'a, aka saurari waɗanda ake tuhuma, aka yanke hukunci, aka tabbatar da shi, aka kuma zartar. Zagayen farko ya ci mutum 32, cikinsu har da kwamishinan tsaro na ƙasa, Manjo Janar Iliya Bisalla. Ranar 15 ga Mayu aka ƙara da mutum 7, cikinsu akwai Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da tsohon gwamnan jihar Binuwai da Filato, Joseph Gomwalk. Zukata na tafasa a lokacin, kaɗan ne suka ga an yi gaggawa. Wannan shari'a ta hukunta makasa, babu musu. Sai dai ta bar aiki na biyu da ke wuyan kowace kotu, wato nuna wa jama'a a fili wa ya aikata me, da hujjar da ta tabbatar da haka. Kuma daga gare ta aka gaji al'adar yi wa masu juyin mulki shari'a a ɓoye, al'adar da ta shekara fiye da 20 tana cin mutane, har ta juyo kan waɗanda suka kafa ta.

Abin da ya faru a ranar ba shi da duhu. Murtala ya fito daga gidansa zuwa Barikin Dodan cikin baƙar Marsandi, ba jiniya, ba ayarin sojoji, kamar yadda ya saba tun da ya hau mulki a ƙarshen Yuli 1975. Kusa da sakatariyar tarayya ta Ikoyi mota ta tsaya a cunkoso, sojojin da ke dakonsa suka yi mata ruwan harsashi. Ya rasu yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. A Ilorin aka sace gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo, aka kashe shi. A Legas an harbi Kanar Ray Dumuje bisa zaton Olusegun Obasanjo ne, wanda daga baya ya gaji Murtala. Dimka, shugaban sashen motsa jiki na rundunar soja, ya shiga gidan rediyo ya sanar da kifar da gwamnati da muryarsa, har ya sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, abin da ya nuna irin ruɗewar da yake ciki. Daga nan ya je wurin jakadan Ingila, Martin Le Quesne, yana neman a isar da saƙo ga Janar Yakubu Gowon, shugaban da aka hamɓarar a 1975, wanda ke karatu a Jami'ar Warwick. Kafin faɗuwar rana Laftanar Janar Theophilus Danjuma ya tura Kanar Ibrahim Babangida da motoci masu sulke sun ƙwace gidan rediyon, Dimka ya sulale. Sai a makon farko na Maris aka kama shi a yankin Abakaliki. Mutumin da duk ƙasa ta ji muryarsa, da waɗanda aka gani da bindiga a bakin titi, laifinsu ba ya bukatar dogon bincike. Kowace irin kotu aka kai su, hukunci ɗaya za su samu.

Dalilin gaggawar ma ba ɓoyayye ba ne, kuma ba dalilin banza ba ne. Manyan hafsoshin 1976 su ne ƙananan hafsoshin 1966. Sun ga abin da ya biyo bayan 15 ga Janairu, ranar da aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, tare da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar Yakubu Pam da sauransu. Janar Aguiyi-Ironsi ya tsare masu juyin, su Manjo Nzeogwu, amma wata shida suka shuɗe ba a gurfanar da ko mutum ɗaya ba. Wannan shirun na daga cikin abin da ya fusata sojojin Arewa har suka yi ramuwar gayya a Yuli, daga nan aka gangara kisan gilla a garuruwa, sannan yaƙin basasa. Don haka da aka wayi gari an sake kashe shugaba ɗan Arewa, Musulmi, ɗan Kano, kuma wanda zai gaje shi Bayarabe ne Kirista, tsoron da ya kama Majalisar Ƙoli ta Soja shi ne kada tarihi ya maimaita kansa. Shi ya sa aka ɗaga Shehu Musa 'Yar'aduwa daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya aka ba shi kujera ta biyu, shi ne kuma ya sanar wa ƙasa an zartar da hukunci. Darasin da suka ɗauka daga 1966 shi ne jinkiri na kashe ƙasa. Rabin darasin ke nan. Laifin Ironsi rashin yin shari'a ne sam, kuma maganinsa shari'a ce da kowa zai gani ya gamsu. Su kuwa sai suka ɗauka maganin rashin hukunci shi ne hukunci, ko ta wace hanya ya zo.

Dubi yadda aka tsara abin. Kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye shi ke tattara bayanai ya miƙa wa kotun soja ta musamman ƙarƙashin Manjo Janar John Obada. Dokar da ta kafa kotun, dokar soja mai lamba 8 ta 1976 kan cin amanar ƙasa, an yi ta ne bayan an aikata laifin. Zaman kotu a rufe yake, ba 'yan jarida, ba dangi. Ba a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu ba. Hukunci na fitowa sai ya wuce Majalisar Ƙoli ta Soja ta tabbatar ko ta sassauta, alhali manyan wannan majalisa, su Obasanjo da Danjuma, su ne mutanen da aka shirya kashewa a ranar. Wanda ya tsallake rijiya da baya a watan Fabrairu shi ne mai maganar ƙarshe a kan ran wanda ake zargi a watan Maris. Ba sai an ce mutanen nan azzalumai ba ne kafin a ga aibin tsarin. Ko waliyyi aka ɗora a wannan kujera, ba a yi masa adalci ba, balle wanda ke tsaye a gabansa.

A kan Bisalla ne aibin ya fi fitowa. Shi ne ya jagoranci runduna ta ɗaya a ƙarshen yaƙin basasa, kuma kwamishinan tsaro ne a gwamnatin da aka nemi kifarwa. Ba a gan shi a Ikoyi ba, ba a ji shi a rediyo ba. An ce yana jin haushin ƙarin girman Janairu 1976, da aka ɗaga Danjuma zuwa Laftanar Janar aka bar shi a ƙasa, ga shi shi ne kwamishinan ma'aikatar. Haushi kuwa dalili ne da zai iya sa mutum aikata abu, amma ba shaida ba ce cewa ya aikata. Babbar hujjar da aka nuna wa jama'a ita ce bakin Dimka da na wasu abokan laifinsa, kuma shi Bisalla bai daina musantawa ba har aka ɗaure shi. To, ga lissafin kwanaki: an kama Dimka, ba a cika mako guda ba aka harbe Bisalla, shi kuma Dimka aka ajiye shi har tsakiyar Mayu yana ta ba da bayani. Ke nan an kashe wanda ake tuhuma wata biyu kafin a gama sauraren mai tuhumarsa. Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali a ƙasar Hausa ya san ƙa'idar da aka taka a nan. Iƙirari yana kama mai yinsa ne kaɗai, ba ya tsallakawa kan wani, shaida kuma sai adali. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, ya tambayi mutum ko yana da sauran abin faɗa ko suka a kan shaidun da aka kawo, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na rushe hukunci saboda rashin wannan kawai. Dokar Turawa ma tana gargaɗin alƙali kada ya dogara da maganar abokin laifi sai da wata hujja da ta ƙarfafa ta. Hikimar ɗaya ce: wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Mai jiran harbi yana da dalilin faɗin duk sunan da zai ƙara masa kwana. Wataƙila Bisalla na da hannu dumu-dumu. Abin da ake cewa shi ne hanyar da aka bi ba za ta iya rarrabe mai hannu da marar hannu ba, kuma da aka harbe shi an rufe ƙofar ganewa.

Haka zancen Gomwalk yake, har ya fi. Shi ɗan sanda ne, an riga an sauke shi tun Yuli 1975 tare da sauran gwamnonin Gowon, ba shi da bataliya ko ɗaya a hannunsa. Abdulkarim Zakari kuwa farar hula ne, ma'aikacin gidan rediyo, ɗan'uwan matar Gowon, shi ma aka haɗa shi da sojoji aka bindige. Sannan ga Gowon kansa. Gwamnati ta ce da saninsa aka yi, ta tuɓe masa muƙami, ta nemi Ingila ta miƙo shi. Ya amsa cewa Dimka ya ziyarce shi a can, amma ya musanta sanin wata maƙarƙashiya. Ingila ta ƙi miƙa shi, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami, aka kuma nemi a janye Le Quesne daga Legas. A 1981 Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Gowon afuwa, daga baya gwamnatin Babangida ta mayar masa da muƙaminsa na Janar, yau kuma dattijon ƙasa ne da ake kira a kowane babban taro. Tambayar da ba a son yi ita ce: bakin da ya ambaci Gowon ai shi ne ya ambaci sauran. In maganar Dimka ba ta isa ta hana ƙasa girmama Gowon ba, ta yaya ta isa ta kashe wasu? In kuma ta isa, me ya sa aka yafe wa babba? Abin da ya raba Gowon da Gomwalk a 1976 shi ne teku. Ɗaya yana inda hannu bai kai ba har zukata suka huce, ɗayan yana gida.

Akwai kuma tabon da abin ya bari a Filato. Da yawa daga cikin waɗanda aka harbe 'yan tsohuwar Binuwai da Filato ne, Kiristoci. Dimka da Gomwalk da Gowon duk Angasawa ne, ko da yake Joseph Garba, wanda ya sanar da hamɓarar da Gowon a 1975 kuma yake kwamishinan harkokin waje, shi ma ɗan yankin ne, Danjuma kuma Bajukune ne. Gwamnati ta bayyana dalilan masu juyin da cewa suna adawa da shirin rage yawan sojoji, da ƙarin girman da aka yi, da matsayin Murtala a kan Angola wanda suke gani karkata ce ga kwaminisanci, da kuma son maido da Gowon. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba na addini ko ƙabila ba ne. Da an yi shari'ar a bainar jama'a, da mutanen Pankshin da Gindiri sun ji da kunnensu wa ya halarci wane taro, wa ya karɓi wane umarni. Da aka yi ta a ɓoye, sai kowane gida ya riƙe labarinsa: a Kano ana cewa mutanen Gowon sun kashe Murtala, a Jos ana cewa an fake da Dimka an share manyan yankin. Labaran nan biyu sun raunana zumuncin da ya riƙe sojojin tsohuwar Arewa tun 1966, kuma kotun da za ta raba gardama ita ce ta rufe bakinta.

Masu kare abin da aka yi suna cewa soja dokarsa daban, ya san abin da ya sa hannu a kai ranar da ya sa kaki. Wannan gaskiya ne ga Dimka, amma bai shafi Zakari ba, kuma kotun soja ta asali ma tana da ƙa'idojin shaida da matakan bitar hukunci waɗanda dokar 1976 ta tsallake. Suna kuma cewa ƙasa na bakin rami, ba lokacin dogon Turanci na lauyoyi ba ne. To amma juyin ya mutu tun ranar da aka yi shi, manyan rundunonin da ke wajen Legas sun nesanta kansu da shi, babu wani bariki da ya ci gaba da tawaye. Kuma an taɓa ganin ƙasar da ta fi wannan shiga uku ta yi haƙuri. Ranar 30 ga Janairu 1948 Nathuram Godse ya harbe Mahatma Gandhi a Delhi, wata biyar da rabi bayan samun 'yancin Indiya, jinin rabuwa da Pakistan bai bushe ba, ana kuma yaƙi a Kashmir. An yi shari'ar a buɗe, da lauyoyi da shaidu, aka yanke hukunci a Fabrairu 1949, aka ɗaukaka ƙara, sai 15 ga Nuwamba 1949 aka rataye Godse da Narayan Apte. Babban ɗan siyasar da aka tuhuma tare da su, Savarkar, an sallame shi, domin shaidar da ke kansa ta abokin laifi ce, Digambar Badge, kuma ba a samu abin da ya ƙarfafa ta ba. Har yau Indiyawa na jayayya a kan wannan sallama, amma da takardun kotu a hannu suke yi. Ba sai an je nesa ba ma. A Legas aka yi wa Obafemi Awolowo shari'ar yunƙurin kifar da gwamnati daga 1962 zuwa Satumba 1963, gaban Mai Shari'a Sowemimo, jaridu na bugawa kullum. An ɗaure shi shekara 10, ya rayu, ya fito a 1966, ya zama kwamishinan kuɗi. Ko an yi masa adalci ko ba a yi ba, kuskuren na gyaruwa ne.

Hujja ta uku ita ce izina: a harbe kusan mutum 40 don kada wani ya sake gwadawa. Tarihi ya ba da amsa. An yi juyin mulki a Disamba 1983, an yi a Agusta 1985, an gwada a Afrilu 1990, Abacha ya karɓe a Nuwamba 1993. Dalilin kuwa kowane hafsa ya san shi. A Najeriya ba a taɓa gurfanar da wanda juyinsa ya yi nasara ba. Ba a yi wa kowa shari'a a kan Yuli 1966 ba, inda Murtala kansa ke kan gaba, Dimka ma yana cikin mahalarta, ba a kuma yi a kan Yuli 1975 ba. Faɗin haka ba rage darajar Murtala ba ne, mutumin da cikin kwana 200 ya ƙara yawan jihohi zuwa 19 ya kuma yanke shawarar mayar da babban birni Abuja. Amma sojan da ke kallo ya fahimci cewa abin da ake harbe mutum a kai shi ne faɗuwa, don haka darasin da ya koya shi ne ya shirya da kyau, kada ya bar wanda zai kafa masa kotu.

Abin da ya ɗore shi ne tsarin. A Disamba 1985 aka kama Manjo Janar Mamman Vatsa, ministan Abuja, abokin Babangida tun ƙuruciya, kan juyin da ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Kotun Manjo Janar Charles Ndiomu ta yanke masa hukuncin kisa, Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark suka je Barikin Dodan roƙo, jim kaɗan bayan haka, 5 ga Maris 1986, aka harbe shi da wasu 9. Bayan yunƙurin Manjo Gideon Orkar aka harbe mutum 42 a Yuli 1990, aka sake yi wa wasu shari'a, aka ƙara 27 a Satumba. Sai 1995, lokacin da kotun Birgediya Patrick Aziza ta zauna a ɓoye ta saurari Olusegun Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa, na ɗaya da na biyu a gwamnatin da ta tabbatar da hukuncin 1976. Ba su kaɗai ba, har da 'yan jarida irin su Chris Anyanwu da Kunle Ajibade, da 'yan gwagwarmaya irin su Beko Ransome-Kuti da Shehu Sani. Hujjar da aka kafa a kan Obasanjo bakin wani wanda ake tuhuma ne, Kanar Bello-Fadile, wanda daga baya ya ce azaba ce ta sa shi faɗa, ya kuma nemi gafara. An ɗaure Obasanjo, an yanke wa 'Yar'aduwa kisa sannan aka mayar ɗauri saboda matsin ƙasashen duniya, ya rasu a tsare a Abakaliki ranar 8 ga Disamba 1997. Duk wanda ya yarda cewa shari'ar 1995 zalunci ce, kuma kusan kowa ya yarda, sai ya faɗi abin da ya bambanta tsarinta da na 1976. Ƙofa rufe ce a duka biyun, babu ɗaukaka ƙara, mai mulki ne ke tabbatarwa, bakin abokin tuhuma ne hujja. Bambancin shi ne a 1976 akwai gawa, kuma gawar wanda ake so ce. Wannan ya isa ya tabbatar an yi laifi, bai isa ya nuna kowane ɗaya daga cikin mutum 39 yana ciki ba.

Tsarin mulkin 1999 ya toshe wannan hanya a takarda. Sashe na 36 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi a fili, ya zaɓi lauyansa, kuma ya hana hukunta mutum da dokar da aka yi bayan aikinsa. Hukuncin kotun soja yanzu yana zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli. Saura bashin baya. Motar da aka harbe Murtala a ciki tana gidan tarihi na Onikan a Legas, kowa na iya zuwa ya ƙirga ramukan harsashi, amma cikakken bayanin zaman kwamitin Abisoye da kotun Obada ba a buga shi don jama'a ba. Iyalan Murtala da na Taiwo da na Akinsehinwa suna da haƙƙin sanin iyakar waɗanda suka ƙulla kisan, iyalan waɗanda aka harbe su ma suna da haƙƙin ganin hujjar da aka kashe nasu a kanta. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai. Ya kamata rundunar soja ta miƙa waɗannan takardu ga gidajen adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Ibadan da Inugu, masana tarihi da lauyoyi da 'yan majalisa kuma su nemi hakan a rubuce tun sauran waɗanda suka zauna a Majalisar Ƙoli ta 1976 suna da rai, ana iya tambayarsu.